Baƙin Kaka: Abin da Ke Kai Mutanen Ingila Bakin Teku Kallon Tsuntsaye

Dattijon da na yi haya a gidansa a birnin Norwich lokacin ina karatu shi ya fara kai ni. Matarsa ba ta fi wata takwas da rasuwa ba a lokacin, gidan ya yi masa faɗi, yakan wuni a kujera ɗaya rediyo na magana ba ya ji. Wani dare a watan Oktoba sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce gobe teku zai ciko sosai, idan ina so mu kama hanya ƙarfe biyar. Na ce, "Baba, ina za mu?" Ya ce Snettisham, kallon tsuntsaye. Don kara na amsa. Ni da na tashi ina kaɗa gwangwani a gonar gero ina korar jan-baki, ban taɓa jin cewa mutum zai bar bargo a irin wannan sanyi don ya je ya tsaya wa tsuntsu ba.

Na yi sallar asuba a gefen mota, hannuwana sun ƙage. Daga wurin ajiye motoci muka taka kamar kilomita biyu cikin duhu, ga mutane birjik a gabanmu da bayanmu, kowa da filas ɗin shayi da madubin hangen nesa rataye a wuya, ba mai ɗaga murya. Da gari ya fara wayewa sai ga laka shimfiɗe iyakar ganin ido. Wannan shi ne babban mashigin tekun da suke kira Wash. A can nesa akwai wani abu toka-toka a kan lakar, na ɗauka duwatsu ne. Ruwa ya riƙa matsowa a hankali, ba igiya ba hayaniya, kamar yadda ruwan ban-ruwa ke bin kwari a gonar albasa, sai na ga duwatsun nan suna tafiya. Ashe tsuntsaye ne, dubun dubata, ruwa na tura su suna ja da baya a guje, har wurin tsayawa ya ƙare musu.

Sai suka tashi gaba ɗaya. Sun yi sama kamar hayaƙin gobarar daji, su dunƙule su baje, su juya bayansu sama ta yi baƙi, su juya cikinsu ta yi fari fat. Da suka bi ta kanmu za su sauka a tsofaffin ramukan tsakuwa da ke bayanmu, ƙarar fukafukansu ta yi kama da farkon saukar ruwan sama a kan kwano. Na waiwaya na dubi Baba. Ko madubinsa bai ɗaga ba, yana tsaye baki a ɗan buɗe, iska na fitar masa da ƙwalla. A mota muna dawowa ya ce mini tun da aka yi rasuwar, nan ne kaɗai inda kansa yake yin shiru.

Maganar nan ta zauna mini, ita ce kuma ta sa na riƙa bin diddigin al'amarin. Me ke cikin tsayuwa a bakin teku cikin sanyi ana kallon tsuntsu da har zai sanyaya zuciyar mai makoki? Kuma me ya sa sai da kaka?

Sai an fara fahimtar kakarsu, domin ba irin tamu ba ce. Kakarmu lokacin yalwa ce: an yanke gero, dawa ta nuna, ana roron gyaɗa da wake, ana ɗaura aure, 'yan dambe sun fito. Tasu kuwa lokacin janyewa ne. Daga Satumba ganye ke fara ja yana zuba, rana na gajarcewa kullum, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin Disamba kuma rana ta riga ta faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu. Likitocinsu sun san wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da wannan yanayi ya tafi da bazara. Ga tsoho mai zaman kaɗaici, ko wanda aka yi wa rasuwa, ko baƙon da ya baro danginsa a nesa, watannin nan suna da nauyi ƙwarai. A daidai lokacin da komai ke ja da baya a tudu, a lokacin ne bakin teku ke cika da rai.

Dalili kuwa shi ne ƙaurar tsuntsaye. Da sanyi ya doso arewacin duniya, abinci na ƙarewa, sai miliyoyinsu su tashi zuwa kudu. Tsibirin Birtaniya ya faɗo a mararraba. Waɗanda suka yi ƙwai a can da bazara, irin su tsattsewa, suna barin ƙasar zuwa Afirka. Waɗansu kuma sanyin Ingila sauƙi ne a wurinsu, don haka nan suke zuwa cin rani. Tsuntsayen lakar da muka gani a Snettisham daga Girinland da arewacin Kanada suke, kuma a shekara mai kyau sukan haura 100,000 a wannan mashigi kaɗai. Dinya mai jajayen ƙafafu na isowa daga Aisland tun tsakiyar Satumba, su kwana a bakin ruwa, da sassafe su yi jerin gwano a sama suna kuka zuwa gonakin da aka haƙe wata saiwa da ake yin sukari da ita, su yi kala. Akwai kuma 'yan ratse, masu wucewa kawai.

Tsuntsun tudu ba ya son ƙetare ruwa idan da yadda zai yi, saboda haka yakan bi gaɓa kamar yadda fatake ke bin gefen kogi, har sai ƙasa ta tsuke ta ƙare. A irin waɗannan tsukakkun wurare ake samun cunkoso. Spurn, a bakin kogin Humber, wani siririn harshen yashi ne mai tsawon kimanin kilomita 5 da ya miƙe cikin teku. Duk abin da ya biyo gaɓar Yorkshire sai ya ratsa ta nan, kuma tun 1945 akwai tashar da ke ƙirga su tana sa musu zobe a ƙafa. Da yawa daga cikin ƙananan tsuntsaye kuma da dare suke tafiya, suna bin taurari da maganaɗisun ƙasa. Idan sun taso daga Norwe ko Suwidin sama garau, suka tarar da iskar gabas da hazo da yayyafi a tsakiyar Tekun Arewa, to duk ƙasar da suka fara gani nan za su zube. Masu kallo na kiran wannan da kalmar da ke nufin zubowa, kuma ita ce abin da kowa ke fata idan ya ga iska ta juya gabas. Mafi shahara ita ce ta 3 ga Satumba 1965 a gaɓar Suffolk, inda aka ƙiyasta tsuntsaye kusan rabin miliyan suka sauko a rana guda, har a garin Lowestoft suna sauka a kafaɗun mutane saboda gajiya.

Cikin masu ƙetaro tekun nan a Oktoba akwai wanda ya fi ba ni mamaki, ɗan tsuntsun da ya fi kowane ƙanƙanta a Turai, mai ɗan zane ruwan zinariya a tsakar ka. Nauyinsa giram 5 zuwa 6 ne, kamar dunƙulen Maggi ɗaya da rabi. Na taɓa tarar da ɗaya a cikin ciyawar bakin yashi da hantsi, bai fi taku biyu daga takalmina ba, yana tsintar ƙananan gizo-gizo da sauri kamar ba ni a wurin. Daren jiya ya yi shi a kan ruwa, ɗaruruwan kilomita ba wurin sauka. Mutanen zamanin da a wannan gaɓa sun kasa yarda cewa zai iya, har suka riƙa cewa a bayan wani babban tsuntsu yake hawa.

Wuraren da ake zuwa kallon ba haka kawai suka wanzu ba. Fadamar Cley, a arewacin Norfolk, wani likita mai suna Sydney Long da abokansa suka saye ta a 1926 don a bar wa tsuntsaye, daga nan ne kuma aka kafa ƙungiyar kare namun daji ta gunduma ta farko a ƙasar. Snettisham da Titchwell suna hannun RSPB, babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya mai mambobi sama da miliyan ɗaya. An yi hanyoyi, an kafa ɗakunan katako masu 'yan tagogi inda mutum zai zauna ya leƙa ba tare da ya firgita komai ba. Kuma ba Ingila kaɗai ba: ana irin wannan taro da kaka a Falsterbo ta Suwidin, da Cape May ta Amurka, da mashigin Jibralta inda manyan tsuntsaye ke tsallakowa Afirka.

Batun samun sauƙin zuciya daga kallon tsuntsu ya girmi binciken zamani, kuma labarin da ya fi nuna shi ya faru ne nesa da teku, a bayan waya mai ƙaya. A Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu sojojin Birtaniya huɗu da Jamus ta kama, John Buxton da Peter Conder da John Barrett da George Waterston, sun haɗu a sansanin fursunoni na Warburg. Ga yunwa, ga sanyi, ga kwarkwata, ba wanda ya san ranar fita. Sai suka kama kallon tsuntsayen da ke shiga da fita sansanin ba mai tambayarsu takarda, suna rubuta abin da suka gani a kowace 'yar takardar da ta shigo hannu. Buxton ya zaɓi wani ɗan tsuntsu mai jan wutsiya, ya sa fursunoni 'yan'uwansa suna karɓa-karɓa wajen gadin sheƙa ɗaya na ɗaruruwan awoyi, suna rubuta sau nawa uwa ta kawo abinci, sau nawa namiji ya yi kuka. Bayan yaƙi ya fitar da littafi a kansa a 1950. Conder ya zama shugaban RSPB a 1963. Waterston kuwa, da aka dawo da shi gida a 1943 saboda ciwon ƙoda, ƙasar Birtaniya ta farko da ya hango daga jirgin ruwa ita ce ɗan tsibirin Fair Isle, wanda ya daɗe yana mafarkinsa a tsare. Ya sayi tsibirin, a 1948 ya buɗe tashar nazarin tsuntsaye a can, har yau kuma masu kallo na tururuwa zuwa wurin duk kaka. Derek Niemann ya tattara labarin mutanen nan huɗu a littafi a 2012.

Abin da ya riƙe ni a labarin shi ne tsuntsu bai buɗe musu ƙofa ba, bai ƙara musu burodi ba. Ya dai ba su abin da za su tashi dominsa da safe, ya ba kwanakinsu tsari, ya kuma sa idonsu ya koma kan wata rayuwa da ke ci gaba ba ruwanta da yaƙi.

Masu bincike sun biyo baya suna aunawa. A 2017 masana daga Jami'ar Exeter suka duba unguwanni a garuruwan Milton Keynes da Bedford da Luton, suka ga inda tsuntsaye suka fi yawa da la'asar, mazauna wurin sun fi ƙarancin damuwa da fargaba. A 2022 masu bincike na King's College da ke Landan suka wallafa sakamakon wani aiki da mutum 1,292 suka shiga, inda manhajar waya ke tambayarsu sau uku a rana ko suna gani ko jin tsuntsu, da kuma yadda ransu yake. Waɗanda suka gani ko suka ji sun fi samun natsuwa, tasirin yakan ɗauki awoyi, har ma ga masu ciwon damuwa da likita ya tabbatar. A tsibiran Shetland kuwa, tun 2018 likitocin asibitocin unguwa na iya rubuta wa majiyyaci fita bakin teku da sauraron tsuntsaye a cikin abin da zai yi, tare da maganinsa, bisa wani shiri na haɗin gwiwa da RSPB. Wani malamin makaranta a Norfolk, Joe Harkness, ya rubuta littafi a 2019 kan yadda ciwon damuwa ya kayar da shi a 2013, ya ga likita, ya sha magani, ya je wurin masu ba da shawara, duk sun taimaka, amma tsuntsaye suka fi riƙe shi.

Ya kamata a karanta waɗannan da hankali. Irin wannan bincike yana nuna cewa abu biyu na tafiya tare, amma ware tsuntsu daga iska mai daɗi da tafiyar ƙafa da hasken rana da abokin hira abu ne mai wuya. Ni a ganina ma ba sai an ware ba. Wanda ya fita kallon tsuntsu duka yake samu a dunƙule, tsuntsun ne kuma ya fitar da shi daga ɗaki.

Idan aka tambaye ni inda sauƙin yake, zan fara da hankali. Mai damuwa kansa kamar injin niƙa ne da aka bari yana juyawa ba hatsi, tunani ɗaya yake maimaitawa dare da rana. Ka ce masa ya daina tunani, ka ƙara masa wani. Amma ka ajiye shi gaban wata 'yar ƙaya ka ce akwai tsuntsu a ciki, ya jira ya fito, ya duba ko yana da fari a gira, ko ƙafarsa baƙa ce, sai ka ga minti arba'in sun wuce bai tuna da kansa ba. Kallon na buƙatar hankali duka, amma ba ya tsotse shi kamar yadda waya ko aikin ofis ke yi. Waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Michigan, Rachel da Stephen Kaplan, sun yi bayanin haka tun 1989: akwai abin da ke jan hankali a tausashe, ya bar shi ya huta yana kallo. Teku ma haka yake yi, shi ya sa haɗuwarsu ke da ƙarfi.

Sai kuma dawowa, wadda nake ganin ita ce ta fi muhimmanci ga mai makoki. Mutuwa na koya wa mutum cewa abin da ya tafi ya tafi ke nan. Dinya kuwa ta tafi a Maris ta dawo a Satumba, bara haka, bana haka, tun kafin a haifi kakansa. Baba yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango inda shi da matarsa suka shekara fiye da talatin suna rubuta ranar da suka fara jin kukan dinya kowace kaka. Rabin rubutun hannunta ne. A shekarar nan ya rubuta kwanan watan shi kaɗai a ƙasan nata. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Mun san abin da zuwan shamuwa ke yi wa zuciyar manomi bayan zafin bazara ya gallabi kowa, in ta sauka kan kuka ko tsamiyar gari ta fara ɗaukar kara, an san ruwa ya kusa, ba kuma mai jifanta. Ga mai imani abin ya wuce nan, domin Suratun Nahli da Suratul Mulk duk sun ja hankalinmu ga tsuntsayen da ke shawagi a sama, su zama abin lura.

Akwai kuma irin zaman da ake yi a ɗakunan leƙen nan. Mutanen Ingila ba su da zaman makoki irin namu, inda za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku ko bakwai jama'a na zuwa suna zama da kai ko ba su ce komai ba. Bayan jana'iza kowa ya watse. A ɗakin katakon nan na ga abin da ya fi kusa da tabarmar: mutum shida ko takwas a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya san sunan wani, ba mai tambayarka me ke damunka. Can wani ya ce a hankali, duba hagu da wancan turke. Wata ta matsa ta ce ka leƙa ta madubinta. Ga wanda magana ta yi masa nauyi amma kaɗaici na cinsa, wannan zama magani ne.

Sai dai ba zan ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Kallon tsuntsu ba ya maye gurbin asibiti. Wanda ciwon damuwa ya kai shi ga tunanin halaka kansa likita yake buƙata, yau ba gobe ba. Sannan abin na iya rikiɗewa ya zama wata damuwar. Akwai masu farautar gani, waɗanda burinsu jerin sunaye: da waya ta yi ƙara cewa an ga wani baƙon tsuntsu daga Sibiriya ko Amurka, sai su bar aiki su kwana suna tuƙi, ko su hau jirgi zuwa tsibiran Scilly, idan suka tarar ya tashi su dawo rai a ɓace kamar an yi musu sata. Na ga irinsu sun kewaye ɗan tsuntsun da ya galabaita, masu kyamara na matsawa, shi kuwa abinci kawai yake nema. Dole mai kallo ya tuna cewa ranar zubowa, wadda ita ce ranar murnarsa, ranar wahala ce ga tsuntsun, kuma waɗanda suka iso gaɓa su ne suka tsira. Da yawa suna cikin ruwa. Ga kuma batun hali. Madubi mai kyau da tsada, mafi yawan wuraren nan sai da mota, kuma baƙar fata yakan waiga ya ga shi kaɗai ne a wurin. Ni na ji wannan a jikina. Shi ya sa na ji daɗin kafuwar ƙungiyar Flock Together a Landan a 2020, wadda ke fitar da baƙaƙe da sauran 'yan tsiraru kallon tsuntsaye a ayari.

Abin da ya fi waɗannan duka ciwo shi ne dawowar da ake dogara da ita ta fara rauni. Tsofaffin masu kallo suna da littattafansu, sun san abin da suke ƙirgawa a da. Wata kurciya mai zuwa Ingila da bazara ta koma yankin Sahel da kaka ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun wajen 1970, saboda sauyin noma ya kashe ciyayin da take cin 'ya'yansu, ga kuma maharba a kudancin Turai. Murar tsuntsaye ta 2022 ta kashe dubban tsuntsayen teku a dutsen Bass Rock da tsibiran Farne, gawarwaki na zubowa bakin yashi. Shi kansa tekun yana cin gaɓar: ambaliyar 5 ga Disamba 2013 ta shanye fadamar Cley, ta farfasa ɗakunan leƙe a Snettisham, ta yanke hanyar Spurn har yau ba a mayar da ita ba. Wanda ya je neman sauƙi yakan dawo da wani sabon baƙin cikin idan yana da ido.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A bazarar 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cike da kowane shinge, fiye da kashi biyu cikin uku nasa bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano damina ce ta gaza a Sahel a 1968, farkon farin nan da ya kai mu ga yunwar 1973. Farin da ya kashe shanun Fulani da Buzaye shi ne ya sa shingayen Ingila suka yi tsit. Ɗan jan-wutsiyar da Buxton ya yi gadinsa a kurkukun Jamus, a cikin ƙayoyin Sahel yake cin rani, daga Senegal har zuwa gabas, da arewacin Najeriya da kudancin Nijar a ciki. Na Birtaniya sun fi karkata yamma, wajen Senegal da Mali. Namu sun fi fitowa daga tsakiya da gabashin Turai. Amma hanyar ɗaya ce, Saharar da za a ƙetare ma ɗaya ce. Masu binciken da suka yi aiki a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, a shekarun 1960 sun ga yadda ƙananan tsuntsayen nan ke cin 'ya'yan itacen da ake yin asuwaki da saiwarsa, su tara kitse kafin su tunkari hamada su koma. Idan aka sare itacen, guzurin ya tafi.

Fadamun Haɗeja da Nguru kuwa suna cikin manyan masaukai na Afirka ta Yamma. Agwagin ruwa da tsuntsayen laka daga Turai da Rasha na sauka can da dubbai bayan damina, su cakuɗa da kirinjijiya da dinya da zalɓe na gida. Darajar wurin ta sa mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a ƙasar Bade a 1989, a shekara ta 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma masunci da manomin shinkafa da makiyayi su suka fara ji kafin tsuntsu. Abin da zai gyara wa ɗaya shi zai gyara wa ɗayan. Akwai 'yan ƙasa da ke wannan aiki: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta shekara fiye da ashirin tana horar da matasan Afirka ta Yamma, ana kuma samun ƙungiyoyin masu kallo a garuruwanmu.

Damuwa ba ciwon Turawa ba ne. Muna da ita a gidajenmu, a wurin matar da aka kashe wa miji, da saurayin da ya gama karatu ya shekara biyar ba aiki, da dattijon da ya yi ritaya gida ya yi masa shiru. Irin abin da mutanen Norfolk ke tuƙin awoyi su gani, wurinmu ma yake sauka, kuma a lokacin da ya fi kowane daɗi, an gama girbi, iska ta yi sanyi, ruwa bai janye daga fadama ba. Wanda yake kusa da fadamar Baturiya ko Dagona, inda hanya ke da lafiya, ya je. Wanda yake nesa, akwai dam ko tafki ko kududdufin bayan gari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan sallar asuba, ka ɗauki wanda ka san ransa ba daɗi, ku bar ɗanƙo a gida, ku sami gindin itace ku zauna fuskantar ruwa har rana ta ɗaga.